Major Tom: Waƙar Peter Schilling Da Ta Tashi Daga Sararin Samaniya Ta Sauka A Filin Ƙwallo

"Major Tom" waƙa ce ta mawaƙin Jamus Peter Schilling, wadda ta mamaye gidajen rediyon Turai a farkon 1983, ta ƙetara zuwa Amurka da Kanada, sannan bayan shekara 41 ta zama waƙar murnar cin ƙwallo ta tawagar ƙasar Jamus. Cikakken sunanta da Jamusanci shi ne "Major Tom (völlig losgelöst)", ma'ana wanda ya kuɓuce ɗungurungum, babu abin da ke riƙe da shi.

Mawaƙin da zamaninsa

An haifi Schilling a birnin Stuttgart ranar 28 ga Janairu, 1956. Ya yi fice ne a lokacin wani yunƙuri da aka yi wa laƙabi da Neue Deutsche Welle, wato sabuwar guguwar kiɗan Jamus, inda matasan Jamus ta Yamma suka koma rera waƙoƙin zamani da harshensu maimakon Turanci. Waƙar na cikin kundinsa na farko, Fehler im System, na 1982, wanda ya shirya tare da makaɗin jita Armin Sabol, kamfanin WEA kuma ya fitar.

Salon kiɗan shi ne sintifof, wanda ginshiƙinsa na'urar sintesaiza ce: akwati mai madannai irin na fiyano da ke ƙirƙirar sauti da lantarki. Sautin nan mai sanyi, mai maimaita kansa kamar bugun inji, ya dace da labarin mutumin da ke kulle cikin kumbo.

Labarin da ke cikinta

Ba Schilling ne ya ƙirƙiro Manjo Tom ba. Mawaƙin Ingila David Bowie ne ya fara kawo wannan ɗan sama jannati na almara a waƙarsa "Space Oddity" ta Yulin 1969, watan da kumbon Apollo 11 ya kai mutum duniyar wata. Sai dai Schilling bai kwaikwayi waƙar Bowie ba. Ya ari sunan gwarzon ne ya gina masa sabon kiɗa da sababbin baitoci.

A tasa waƙar, an harba kumbo lafiya, amma can sama Manjo ya fara tambayar kansa amfanin aikin da aka tura shi. Daga bisani na'urori suka samu tangarɗa, sadarwa ta yanke bayan ya aika wa matarsa saƙon ƙarshe. Mutanen ƙasa suka shiga makoki, alhali shi yana raye, yana shawagi, bai kuma damu da dawowa ba. Amshin waƙar, wanda ƙidayar harba kumbo ke share wa fage, yana tashi sama da ƙarfi kamar na biki, ko da yake labarin na ɓacewa ne. Wannan karo tsakanin kiɗan murna da zancen kaɗaici shi ne sirrin ɗorewarta.

Shekarar ma ta taimaka. A 1983 yaƙin cacar baka ya yi tsamari, dubun dubatar Jamusawa na zanga-zangar adawa da girke makamai masu linzami na Pershing II a ƙasarsu. A Nuwamban shekarar ne kuma Ulf Merbold ya zama ɗan Jamus ta Yamma na farko da ya je sararin samaniya, cikin kumbon Amurka mai suna Columbia.

Bidiyo da matsayi a jadawali

Waƙar ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin faya-fayai na Jamus ta Yamma da Ostiriya da Suwizalan. Ganin haka aka sake naɗar ta da Turanci da sunan "Major Tom (Coming Home)", cikin kundin Error in the System. Wannan ta zo ta ɗaya a Kanada, ta kuma kai matsayi na 14 a jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka a ƙarshen 1983, abin da mawaƙan Jamus ƙalilan ne suka taɓa samu.

Bidiyonta ya taka rawa a wannan nasara, domin ya zo daidai lokacin da tashar MTV, wadda aka buɗe a 1981, ke sauya yadda waƙa ke samun kasuwa. Maimakon kumbo na gaske, an nuna Schilling cikin tsofaffin motoci da aka jibge kan juna tamkar hasumiyar harba roka: mai mafarkin sama, zaune a kan tarkacen ƙasa.

Dawowa ta biyu

Waƙar ba ta taɓa ɓacewa ba. An ji ta a shirin talbijin na Amurka Breaking Bad, ta kuma zama waƙar buɗe shirin Deutschland 83 a ƙasashen waje. Amma babbar dawowarta ta zo ne a Maris 2024, bayan kamfanin Adidas ya sa ta a tallan sabuwar rigar tawagar Jamus. Dubban magoya baya suka rattaba hannu kan takardar neman a mayar da ita waƙar cin ƙwallo, hukumar ƙwallon ƙasar kuma ta saurare su. Ranar 26 ga Maris, a Frankfurt, aka kaɗa ta a wasan da Jamus ta doke Holan da ci 2 da 1.

Da aka buɗe gasar cin kofin Turai a Munich ranar 14 ga Yuni, 2024, Jamus ta lallasa Scotland da ci 5 da 1, filin wasa ya ɗauki amshin da murya ɗaya. Waƙar ta sake komawa jadawalin Jamus, Schilling kuwa yana da shekara 68.