Zanen Zahiri da Talakan Birni: Tarihinsa daga Faransa zuwa Zariya da Yamai

Zanen zahiri salo ne na zanen hoto da hannu wanda mai yin sa ke ɗaukar abin da idonsa ya gani a rayuwar yau da kullum ya sa shi a kan ƙyalle ko takarda ko bango, ba tare da ya ƙawata shi ko ya rufe muninsa ba. Reshensa da ya fi tasiri a tarihi shi ne wanda ya mai da hankali ga talakan birni, wato lebura da ɗan dako da mai talla da mabaraci da matar da ke kasa kaya a bakin hanya. Ƙimar salon tana ga wanda aka zaɓa a zana fiye da yadda aka riƙe buroshi, domin kafin bayyanarsa manyan hotunan Turai na sarakuna ne da jarumai da labaran addini, talaka kuwa in ya shigo ciki sai dai a gefe, yana riƙe da linzamin dokin wani.

A Faransa salon ya sami sunansa, bayan juyin juya halin 1848. A shekarar 1849 Gustave Courbet ya zana mutum biyu masu fasa dutse a gefen hanya, dattijo durƙushe a kan gwiwa ɗaya ya ɗaga guduma, wandonsa duk faci, da saurayi mai yagaggiyar riga yana kinkimar kwandon duwatsu, ga tukunyar abincinsu ajiye can gefe, kuma babu ɗayansu da aka nuna fuskarsa sosai. Abin da ya harzuƙa masu sharhi na lokacin shi ne girman hoton, domin Courbet ya ba leburori faɗin ƙyallen da aka saba keɓe wa manya. Hoton ya halaka a 1945 lokacin ruwan bama-bamai a yankin Dresden na Jamus. Honoré Daumier ne ya shigar da salon cikin cunkoson birni, musamman a zanensa na taragon jirgin ƙasa mai aji na uku na farkon shekarun 1860, inda mai jego ke shayar da jariri, tsohuwa na rungume da kwando, yaro kuma ya ɓingire da barci a jikinta.

A Amurka aikin ya faɗa hannun Robert Henri da abokansa John Sloan da George Luks da William Glackens da Everett Shinn, waɗanda huɗun ƙarshe suka fara da zana wa jaridun Philadelphia hotunan gobara da haɗari da zaman kotu, sana'ar da ta koya musu saurin hannu da kaifin ido. Da suka koma New York sai suka duƙufa kan unguwannin baƙin haure da gidajen haya da shanyar tufafi a kan rufin bene, suka kuma yi fice da baje kolin Fabrairun 1908 a zauren Macbeth, kafin daga baya a laƙaba musu sunan Ashcan, wato garwar zuba toka da shara. A Afirka ta Kudu Gerard Sekoto ya yi makamancin wannan aiki a unguwannin baƙar fata irin su Sophiatown, kuma a 1940 gidan adana zane na Johannesburg ya sayi hotonsa, karon farko da ya sayi aikin baƙar fata.

Ƙasar Hausa ta daɗe da nata fasahar zane, amma ba ta bi ta kan surar mutum ba. Gwanintar ta tafi ga zayyanar allo da ta Alƙur'ani, da aikin allura a kan babbar riga irin aska biyu da aska takwas, da sassaƙar ƙwarya, da adon bango irin wanda ake gani a Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram, ga kuma gine-gine irin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19. Ƙyamar da malamai da yawa ke nuna wa zana mai rai ta sa dagi da sauran siffofin lissafi suka mamaye fagen, ko da yake a tsakiyar ƙarni na 20 magina sun fara sa keke da mota da agogo da jirgin sama a fuskar zaure, abin da ke nuna cewa rayuwar zamani ta riga ta fara hawa bango tun kafin a zana mutanen da ke cikinta.

Zanen surar mutum irin na makaranta ya shigo Nijeriya ta Legas, inda Aina Onabolu, wanda ya yi karatu a Landan da Paris tsakanin 1920 da 1922, ya riƙa zana manyan gari, ya kuma matsa wa gwamnatin mulkin mallaka har ta kawo malamin zane Kenneth Murray a 1927. Akinola Lasekan ya kusanto da salon ga jama'a da hotunansa na kasuwa da zanen barkwancin siyasa a jaridar West African Pilot. Amma babban sauyi ya zo ne a 1955, lokacin da aka ɗauke sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka kai shi Zariya, kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Da wannan ƙaura ɗaliban da ake koya wa auna jikin mutum da sarrafa haske da inuwa da dabarar nuna nisa da kusa suka sami kansu a Samaru, kusa da tsohon birni mai ganuwa da marina da kasuwa, da Tudun Wada da Sabon Gari, da kuma tashar jirgin ƙasa wadda ta ita yawancinsu suka iso daga kudu.

A 1958 wasu daga cikinsu, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke, suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya, wadda ta rayu zuwa 1961, kuma aƙidarta ita ce a haɗa dabarun da aka koyo daga Turai da fasahar gargajiya ta gida. Galibi ana tuna ƙungiyar da wannan aƙida, ana mance cewa wasu daga cikin ayyukan da suka fi ratsa zuciya a wannan zamani hotunan talakan arewa ne. A 1959 Nwoko ya zana mabarata a cikin jirgin ƙasa, wato wurin da Daumier ya zaɓa ƙarni guda kafin haka, da launuka masu duhu da jikkunan da ya karkatar da gangan don wahala ta fito fili. Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya zana masu zuwa sallar Juma'a a 1961. Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano a 1921, wadda ta yi karatu a Landan kuma ta koyar a sashen daga 1955 zuwa 1964, ta zana matan kasuwa a 1961 da mabarata a 1963. Jimo Akolo, tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Keffi, ya zana makaɗin Bahaushe da mahayan Fulani, ya kuma daɗe yana koyarwa a jami'ar. Ta fuskar siffa yawancin waɗannan ayyuka sun kauce wa kwafar abin da ido ya gani daidai wa daida, amma ta fuskar wanda aka zaɓa a zana sun tsaya kan turbar zanen zahiri. Ya kamata kuma a faɗa cewa kusan duk masu zanen nan baƙi ne a ƙasar Zazzau ko ƴaƴan baƙi, saboda haka abin da ya fi jan idonsu shi ne abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina gani, kamar bara, kuma hakan ya sa hoton arewa da suka bari ya yi nauyi ta wannan gefe.

Bayan samun ƴancin kai, talakan birni ya gamu da kishiya mai ƙarfi a fagen zane, wato hawan salla. Ben Enwonwu ya zana hawan sallar Kano tun 1955, kuma bayan babban hawan daba da aka yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977, doki mai lifidi da mahayi mai alkyabba da rawani suka zama abin da bankuna da otal-otal da ofisoshin gwamnati suka fi saye a matsayin hoton arewa. Masu zane irin su Gani Odutokun, malami a Zariya wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, sun yi aiki mai zurfi da wannan jigo, har Odutokun ya juya surar sarki da fadawansa ta zama suka ga masu mulkin soja. Duk da haka sakamakon kasuwar shi ne ɗan garuwa da mai turin baro da ɗan acaɓa ba su sami rabon da yawansu a titi ya cancanta ba, kuma wannan giɓi ne na gaske a tarihin biranen arewa. Zanen ma'aikacin birni ya fi bunƙasa a Legas, a hannun Grillo da Kolade Oshinowo, wanda ya kammala a Zariya a 1972, dukansu kuwa sun koyar a Kwalejin Fasaha ta Yaba.

A Nijar kyamara ce ta ɗauki nauyin da buroshi ya ɗauka a wasu wurare, kuma ƙasar Kurfai, wato yankin Filinge, tana cikin labarin tun daga tushe. Mutanen Filinge da ƙauyukan Dallol Boso, kamar sauran mutanen yammacin Nijar, sun saba tafiya cin rani zuwa Yamai da Kumasi da Akra da Abijan, inda suke dako da haƙa da ƙananan sana'o'i. A yankin Filinge ne, wajajen 1925, bori irin na ƴan Hauka, waɗanda ake kuma kira Babule, ya ɓulla, inda iskokin da ke hawa mutum suke kwaikwayon gwamna da kwamanda da sojan Turawa, abin da ya sa hukumomin Faransa suka kama mabiyansa suka kori wasu. Ƴan ci-rani suka kai shi Akra, a can ne kuma Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a 1954, fim ɗin da ya jawo suka mai zafi daga masana ƴan Afirka, amma wanda ɓangarensa na ƙarshe ya nuna mutanen nan washegari a wuraren aikinsu na yau da kullum. A wani fim ɗin Rouch, Moi, un noir na 1958, Oumarou Ganda, tsohon sojan yaƙin Indocin da ke leburanci a Abijan, ya ba da labarin rayuwar ƴan Nijar a unguwar Treichville da bakinsa, daga baya kuma shi kansa ya zama mai shirya fim, har ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972. Philippe Koudjina ya ɗauki hotunan samarin Yamai da wuraren rawarsu a shekarun 1960 da 1970, yayin da mai zane Rissa Ixa ya karkata ga rayuwar makiyayan Abzinawa.

Akwai kuma zanen da bai bi ta makaranta ba, wanda shi ne mutumin Kurfai ya fi haɗuwa da shi a kasuwar Lahadi ta Filinge ko a tashoshin motar Yamai da Maradi da Kano: allon mai aski da kawuna jere kowane da irin askinsa, da tela zaune gaban kekensa, da zaki ko ɗawisu a bayan babbar mota. Masu wannan aiki suna koyonsa ne a hannun ubangida, suna yin sa da fentin mai a kan katako ko kwano, kuma manufarsa sanar da wanda bai iya karatu ba abin da ake yi a shagon. Yawancinsu ba sa sa hannu, rana da ƙura na cinye aikin cikin ƴan shekaru, kuma tun da injinan buga hoto daga kwamfuta suka yawaita, masu shaguna da yawa sun koma ga tallan da aka buga a kan leda.