Ziyarar Argungu da Tarihin Ƙasarmu

Yawancin matasanmu na Fakku, Kebbe da Tambuwal sun san tarihin ƙasar nan ta bakin Sakkwato da Gwandu ne kawai, domin malaman can ne suka rubuta shi. Shi ya sa muke shawartar shugabannin ikkilisiya su kai ƙungiyar matasa ko zumuntar mata Argungu, ko sau ɗaya ne.

A shekarar 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi. Littattafan makaranta sukan tsaya nan, kamar an gama da Kabawa. Ba a gama ba. A 1849 Yakubu Nabame ya tayar da yaƙi daga Argungu, aka yi ta gwabzawa da ɗan sulhu jefi-jefi har zuwan Turawa. Tambuwal, garin Buhari ɗan Shehu, tana kusa da wannan iyaka, don haka kakannin wasu da za su hau motar sun ga wutar da idonsu.

A Gidan Tarihin Kanta, wanda shi ne fadar sarki har 1942, akwai masu, takubba, layu da kaburburan sarakunan Kabi. Daga nan sai a gangara kogin Matan Fada. Bikin kamun kifin da ake yi a can ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo a 1934, alamar gaba ta ƙare.

A tafi da dattijo ɗaya ko biyu. A hanyar dawowa ne bakinsu ke buɗewa. Kuma, yadda hanyoyinmu suke yanzu, a dawo kafin magariba.