Fawa Fak da Zafin Katsina

Lokacin da na fara zama gaban maigidana a wani ɗan shago wajen Ƙofar Ƙaura, jihar Katsina kanta jaririya ce, don a 1987 aka ƙirƙiro ta. A wancan zamanin da hannu muke fara gane kaya. Ka ɗaga rediyo ko amfilifaya ka ji nauyi, to taransifoma ce a ciki, ƙarfe da wayar tagulla, tana sauko da wutar NEPA zuwa bolt 9 ko 12. Diyod huɗu, kwandensa babba ɗaya, magana ta ƙare. In ta ƙone sai a warware, a ƙirga zagayen waya, a sake naɗawa. Wata biyu na yi ba a bar ni na taɓa dalma ba, ƙirge kawai.

Ashe can ƙetare an riga an sauya hanya. Tun 1977 wani injiniya, Rod Holt, ya sa wa kwamfutar Apple II irin abin da yau muke kira fawa fak. Mu kuwa ta talabijin mai kala da bidiyo ya iso mana, sannan kwamfutocin ofis. Da wayar salula ta shigo a 2001, sai ya zamana kowane gida akwai shi cikin caja, daga baya dikoda.

Dabararsa ita ce sauri. Wutar gari sau 50 take juyawa a daƙiƙa, shi ya sa take buƙatar ƙaton ƙarfe. Fawa fak kuwa yakan fara miƙar da wutar, ya tara kusan bolt 325 a babbar kwandensa, sannan taransista ta riƙa datsa ta sau dubbai masu yawa a daƙiƙa guda. Da haka taransifoma ta koma kamar ɗan yatsa. A ɓangaren fita akwai TL431 mai sa ido, yana aika saƙo ta PC817 zuwa ayisi irin UC3842: ƙara, ko rage. Na daɗe ina canza waɗannan ukun kafin na fahimci hira suke yi da juna.

Alherinsa a bayyane yake. Wanda aka rubuta masa bolt 100 zuwa 240 yana aiki ko da kwan ɗaki ya koma kamar garwashi. Amma raki gare shi. Tsohuwar taransifoma takan yi zafi, ta yi wari, ta ba ka lokaci ka zare. Shi kuwa ƙaramin janareto ya yi tari sau ɗaya, sai fiyus da taransista su tafi tare.

Nan ne muka yi namu karatun, ba a littafi ba. Yawancin kayan arha kwandensar cikinsu mai digiri 85 ce. A watan Afrilu garin nan kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin roba a ɗaki mai rufin kwano, ga ƙurar hunturu ta toshe ƙofofin iska. Ƙa'idar kuwa sananniya ce: duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar kwandensa biyu. Sai muka koma sa mai 105, mu ɗan nisanta ta da ƙarfen da ke shan zafi. Babbar mai bolt 400 mu musanya da mai 450, mu ƙara barista (varistor) bayan fiyus don ta shanye bugun wuta. Kayan daga Sabon Garin Kano muke sarowa, kuma jabu ya fi na kirki yawa. Wata kwandensar in ka fasa, ƙarama ce aka sa wa babbar riga.

Maigidana yana cewa, "Yaro, sauke wutar kwandensa kafin ka kai hannu." Ranar da na yi kunnen ƙashi, sukundireba sai a bakin titi aka tsinto ta.

Yaran yanzu sun fi mu kayan aiki, ga inbata da sola sun buɗe musu kasuwar da ba mu samu ba. Abin da ban so shi ne cire fanel ɗungurungum a sa sabo, ba a tambayi me ya kashe na farkon ba. Bayan wata uku mai kaya ya dawo da ciwo iri ɗaya. Ni dai har yau kwan fitila mai wat 100 na nan rataye a kan teburina, nakan jona shi a gurbin fiyus kafin na ba kowane gyara wuta. Ya yi haske ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske, akwai sauran aiki. Wahalar kawai, irin wannan kwan ya fara wuyar samu a Babbar Kasuwa.