Zare: Yadda sarautar Duke na Buckingham da Chandos ta mutu

1/ Jiya ina karatun jarrabawa na ci karo da labarin wani gidan sarauta a Ingila, har na manta abin da ya kai ni laburare. Shekara 67 kacal sarautar ta yi, ta mutu murus. Ku biyo ni.

2/ Iyalan Grenville ne, masu katafaren gidan Stowe a yankin Buckinghamshire. Da aure suka tara yawancin filayensu: su auro magajiyar dukiya, su liƙa sunan gidansu a nasu. Haka sunan ya zama Temple-Nugent-Brydges-Chandos-Grenville. Wallahi suna ɗaya ne.

3/ A 1822 Sarki George na 4 ya ba maigidan sarautar Duke, wadda ta fi kowace girma a sarautun gadon Ingila. Amma da sharaɗi: ɗa namiji kaɗai ke gadonta.

4/ Duke na biyu ɗan ƙarya ne na gaske. Ya ci bashi ya sayi filaye, ya ƙara cin wani ya ƙawata Stowe don ziyarar Sarauniya Victoria a Janairun 1845.

5/ A 1847 asiri ya tonu, bashi ya haura fam miliyan ɗaya. A 1848 aka yi kwana 40 ana gwanjon kayan gidan. Kusan fam 75,000 aka samu. Ko kusa bai kai ba.

6/ Ɗansa, Duke na uku, shi ya ban tausayi. Ya kama aiki gadan-gadan: ya shugabanci kamfanin jirgin ƙasa, ya yi ministan mulkin mallaka, ya yi gwamnan Madras a Indiya daga 1875 zuwa 1880. Ya dawo wa gidan da mutuncinsa.

7/ Sai dai 'ya'yansa uku duk mata ne. Da ya rasu a 1889, shi ke nan, babu Duke. Babbar 'yarsa Mary ta gaji Stowe da wata tsohuwar sarautar Scotland, Kinloss, wadda mace ke iya gada.

8/ Babban ɗanta ya mutu a yaƙi a 1914. Aka sayar da Stowe a 1921, ya zama makaranta a 1923.

9/ Abin da ya tsaya min a rai: bashi ya ci dukiyar, amma ba shi ya kashe sarautar ba. Magajiya na nan da ranta, takardar 1822 ce ba ta san da ita ba.