Torrey Canyon: Jirgin Da Aka Rasa Wanda Za A Kama

Ranar 18 ga Maris, 1967, katafaren jirgin dakon mai Torrey Canyon ya hau kan duwatsun Seven Stones, tsakanin gaɓar Cornwall da tsibiran Scilly a kudu maso yammacin Ingila. Ɗanyen man Kuwait ne a cikinsa, tan wajen 119,000, za a kai Milford Haven. Matuƙin yana gaggawar isa tasha kafin ruwa ya janye, sai ya yanke hanya.

Mai ya yi ta bulbula. Gwamnatin Birtaniya ta Harold Wilson ta sa aka yi ta zuba sinadarin wanke mai a ruwa da bakin gaɓa, ashe shi ma guba ne, ya ƙara kashe halittun da ake son ceta. Da jirgin ya dare, aka tura jiragen yaƙi suka yi masa ruwan bama-bamai don ragowar man ya ƙone. Duk da haka baƙin mai ya kai Guernsey da gaɓar Brittany ta Faransa, dubban tsuntsayen teku suka mutu.

Daga nan aka shiga neman wanda zai biya. Tutar Laberiya jirgin ke ɗauke da ita. Masu shi wani kamfani ne mai alaƙa da Union Oil na Amurka. Kamfanin mai na BP ya yi hayarsa, ma'aikatan jirgin kuma 'yan Italiya ne. Inda ya maƙale ma ba cikin ruwan mallakar Birtaniya ba ne a lokacin, don haka hatta hurumin jefa masa bam sai da aka yi gardama a kai. Sai da Birtaniya ta sa aka tsare wani jirgin kamfanin, Lake Palourde, a Singafo, kafin aka sasanta a kan fam miliyan 3, ita da Faransa suka raba. Manyan ƙasashe biyu ke nan suka sha wannan wahala. Da ƙauyen masunta ne a gaɓar Afirka fa, wa zai saurare su?

Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda yanzu ake kira IMO, ta tashi tsaye. A 1969 aka ƙulla yarjejeniyoyi biyu a Brussels: ɗaya ta ba ƙasa damar ɗaukar mataki a kan jirgin da ke barazana ga gaɓarta ko da yana tsakiyar teku, ɗaya ta ɗora diyya a wuyan mai jirgi tare da tilasta masa inshora. A 1971 aka amince da kafa asusun ƙarin diyya wanda masu karɓar mai ke zuba wa kuɗi. MARPOL, babbar dokar hana jirage gurɓata teku, ta zo a 1973, amma ba ta fara aiki ba sai 1983. Abin takaici, kafin nan jirgin Amoco Cadiz, shi ma mai tutar Laberiya, ya riga ya sake malale Brittany da mai a 1978.

Tutar haya kam, wato jirgi ya ɗauki tutar ƙasar da ba ta masu shi ba, tana nan har gobe. Abin da ƙasashe suka iya yi shi ne su daina dogaro da takardar ƙasar da ta ba da tuta, su riƙa hawa jirgin baƙo suna dubawa da idonsu. Turai ta tsara haka a Paris a 1982. Ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sun sa hannu a tasu yarjejeniyar a Abuja a 1999, kuma a ƙarƙashinta jami'an NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, ke da ikon hana jirgi maras lafiya barin tashar Apapa har sai an gyara shi.