Dutse, Gulbi da Gari: Suna Ɗaya, Wuri Daban

Wanda ya taso daga Funtuwa za shi Sakkwato, hanya za ta bi da shi ta Tsafe, sa'an nan Kwatarkwashi, da Gusau, da Bunguɗu, kafin ya kai Talatar Mafara. A cikin wannan ɗan tsakani akwai sunayen da su ke rikita baƙo, domin sau da yawa suna ɗaya ya kan zama na dutse, ko na gulbi, ya kuma zama na gari. Wanda ya san tarihinsu ba ya ɓata.

Mu fara da Kwatarkwashi. Tun daga nesa matafiyi ya kan hango wani ƙaton dutse ya tokare sama, in ya tambaya a ce masa, “Kwatarkwashi ke nan.” Gaskiya aka faɗa masa, amma dutsen a ke nufi. Garin yana nan a gindinsa, da sarkinsa da kasuwarsa. Dalilin wannan kuwa ba boyayye ba ne. A zamanin da, lokacin yaƙe-yaƙe da harin bayi, mutane su kan raɓi dutse don tsaro: suna noma a kwari, in an yi kururuwa su haye sama. Da haka sunan dutse da na mazaunansa su ke zama ɗaya. Ko a Kano haka abin ya ke, gama Dala sunan dutse ne, kuma sunan unguwa ne. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, yaƙe-yaƙen garuruwa suka ƙare, mutane suka yi ta matsowa bakin hanya, suna kuwa ya biyo su.

Akwai wani ruɗanin kuma. A tsarin mulki Kwatarkwashi tana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Baƙo in ya ji haka sai ya zaci kusa da garin Bunguɗu ta ke. Alhali kuwa Gusau ce a tsakaninsu: Kwatarkwashi tana wajen Tsafe, garin Bunguɗu yana kan hanyar Sakkwato. Wanda ya shiga motar Bunguɗu yana neman Kwatarkwashi ya bar ta a baya.

To, sai batun gulbi. Ruwan da ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu sunansa Gulbin Sakkwato. Ya faro ne daga wajen Funtuwa, ya bi ta yamma da arewa, ya cika madatsar Bakolori wadda aka gama a 1978, sa'an nan ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Saboda haka manomin da ya ce gonarsa tana bakin Gulbin Sakkwato, mai yiwuwa ne ɗan Bunguɗu ne, bai kuwa taɓa ganin birnin ba, gama daga Gusau zuwa can ya fi kilomita 200. Gulbin kuwa ya girmi birnin nesa ba kusa ba. Sai a 1809 Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya kafa birnin Sakkwato, ruwan yana gudu tun kafin a san da zuwansa.

Sunan da ya fi yawo a wannan ƙasa shi ne 'Yandoto. Tsohon gari ne na malamai, kusa da Tsafe, a cikin ƙasar Katsina ta da. Da Shehu ya ta da jihadi a 1804, malaman garin suka rabu, waɗansu suka bi shi, waɗansu suka ƙi. Muhammadu Bello ya zo da runduna ya ci garin, mutane suka watse. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya ke cikin mabiyan Shehu, daga 'Yandoto ya fito ya kafa Gusau. Yau in ka ce 'Yandoto, sai a tambaye ka wacce. Akwai garin 'Yandoton Daji a kan hanyar Tsafe zuwa Gusau. Akwai kuma 'Yandoton Tsafe, wanda ba gari ba ne, sarautar Sarkin Tsafe ce.

Haka nan Sarkin Gusau a ke kiransa Sarkin Katsinan Gusau, domin ƙasar tasa a da ta Katsina ce. Wanda aka aike shi da takarda wurin Sarkin Katsina, in bai tambayi na ina ba, yana iya shan tafiyar banza.

Da jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya a 1927, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, baƙi suka yawaita, 'yan kasuwar gyaɗa da auduga da ma'aikata, waɗanda ba su gaji waɗannan sunaye ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 aka sa Gusau babban birninta, sai ga wani sunan kuma ya ƙaru da ma'ana, gama Zamfara tsohuwar daula ce, kuma gulbi ne, sarautar Sarkin Zamfara kuwa tana Anka.

Kai mai karatu, yanzu da ka iya karanta allon bakin hanya, ka sani allo suna kaɗai ya ke faɗa maka. In za ka shiga mota, ka tambayi ɗan kamasho sosai: dutsen ne ko garin, gulbin ne ko birnin, kafin Gusau ne ko bayanta. Kuskuren suna ɗaya ya isa ya sa dare ya yi maka a inda ba ka san kowa ba, hanyoyin nan kuwa sun sha fama da 'yan fashin daji a shekarun baya-bayan nan. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.