Gudu ko Juriya: Yadda Iyakar Jibiya Ta Zaɓi Baburanta

Wanda ya ajiye Suzuki Hayabusa, babur ɗin da ya fito a 1999 yana haura kilomita 300 a awa guda, kusa da Bajaj Boxer da ke kai kilomita 90 da ƙyar, zai ce ai babu haɗi. A filin tsere gaskiyarsa ne. Amma a hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Daddara zuwa Magamar Jibiya, inda ake tsallakawa Ɗan Isa a nufi Maraɗi, da wani ma'auni ake auna babur, kuma tarihin iyakar ne ya kafa wannan ma'auni.

Katsina da Maraɗi 'yan gida ɗaya ne. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su ne suka kafa sarautar Maraɗi, layin da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 kuma bai raba aure da fatauci ba. Da jaki da raƙumi ake wannan zirga-zirga kafin zuwan mota. Shi babur da ado ya shigo. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1975, malaman makaranta da akawuna suka sayi Honda da Yamaha da Vespa, ana goge su da safe, ba a yarda a ɗora musu ko buhun gero. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ne ya sauya lamarin: naira ta faɗi, mota ta gagari talaka, babur ya koma abin neman abinci, sana'ar acaɓa ta bazu, wadda a Nijar ake kira kabu-kabu. Jincheng ta ƙasar Sin ta zo da araha, Boxer ta Indiya ta biyo da ƙarko.

Sai dai abin da ya fi ɗaukaka ƙaramin babur a nan shi ne rufe iyaka. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake jawo rufewa har Maris ɗin 2024. Duk ranar da aka tsayar da tirela a bakin shinge, kaya ba sa daina tafiya, ɓarauniyar hanya suke bi, ta gonaki da rairayi da gulbin da ya ƙafe. A nan ake ganin abin da mai babur yake nema. Ana ƙara wa kariya ƙarfe a wajen mai walda, a ƙara ƙarfin shokozoba, a ɗaure jarkoki ko buhunan shinkafa da igiyar roba da aka yanka daga tsohon tib. In ya cije a yashi, mutum ɗaya ya sauka ya tura shi. In filogi ya mutu, bakaniken gindin bishiya ya canza shi kafin shayi ya huce. Hayabusa kuwa nauyinta ya wuce kilo 250, cikinta na dab da ƙasa, tayoyinta na kwalta mai santsi ne, kwamfuta ce ke raba mata mai. Dokin sukuwa ne aka kawo wajen aikin jakin fatake.

Za a ce ai talauci ne ya yi wannan zaɓi, da da hali kowane saurayi babur mai ruri zai hau. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya ga yadda samari ke ɗaga tayar gaba a rakiyar amarya ya san son gudu bai tsaya a Abuja ba. Amma manyan dillalan kan iyaka ba kuɗi suka rasa ba, kuma Boxer goma suke saya wa yaransu, domin ribar tana ga yawan sawu, ga ƙarancin shan mai, musamman tun cire tallafin fetur a Mayun 2023.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Juriyar nan da ake yabo ita ce ke kai 'yan bindiga ƙauyuka, su uku a babur ɗaya. Ba za a musa ba, mutanen Jibiya sun ɗanɗana. Sai dai wannan ma hujja ce a kan wane babur ne mai ƙarfi a wannan ƙasa. Dokar tsaro da gwamnatin Masari ta Jihar Katsina ta kafa a ƙarshen Agustan 2021 ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana ɗaukar mutum uku a babur, ta kuma hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Caranci. Yawancin waɗannan matakai a kan ƙaramin babur ɗin talaka suka faɗa, kuma ɗan acaɓa da manomi su suka fi jin su a jikinsu.